Murar Yaro Mai Ciwon Zuciya Ba Ta Jiran Gari Ya Waye

Ina gaida masu saurarenmu na ƙasar Rano da Kibiya, mutanen Rurum Tsohon Gari da Rurum Sabon Gari, da na Saji da Zurgu, da na Tarai da Durba da Kahu. Mai tankaɗe ta ɗan sassauta hannu, mai ɗinkin hula ta matso da rediyo kusa, domin maganarmu ta yau magana ce ta rai.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa daga Rurum Tsohon Gari, ta kuma roƙi a sakaya sunanta, to mun sakaya. Ta ce ɗanta watansa bakwai. Tun yana jariri idan ya kama nono ba ya jimawa sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi, ga shi ba ya yin ƙiba kamar sa'o'insa. Da ya kai wata huɗu aka kai shi Kano, likitoci suka ɗauki hoton zuciyarsa, suka ce akwai huda a cikinta. Aka ba shi magani, aka sa musu ranar komawa.

Ana nan sai yayarsa ta dawo daga makarantar allo da mura. Kwana kaɗan yaran gidan duk suka ɗauka, har da shi. A dare na uku ta ga ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, ya ƙi nono. Maigida ya tafi fatauci, an kira wayarsa ba ta shiga, ita kuma ba ta taɓa taka ƙofar gida ba da izininsa ba. Uwar mijinta ta leƙo ta ce mura ce, a shafa masa man zafi a lulluɓe shi, da safe a gani. Kafin asuba harshensa ya yi duhu. Ƙanin maigidan ne ya ɗauke su a babur zuwa Rano, daga can aka tura su Kano, inda ya kwana tara ana sa masa iska. Allah Ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya dawo gida.

Ga tambayarta. Ta ce, mura ɗaya ta kama yara huɗu a gida ɗaya, uku suna ta wasansu da majina a hanci, nata shi kaɗai ya kusa tafiya. Anya ba hannu aka sa masa ba?

To 'yar uwa, sannu, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma cire zargin kowa a ranki. Abin da ya sami ɗanki sananne ne a wajen likitocin duniya, yana da dalili, kuma idan kin gane dalilin kin sami makamin kare shi.

Bari mu fara da ita zuciyar. Ki ɗauke ta kamar gida mai ɗaki huɗu, biyu a dama biyu a hagu, da bango a tsakani. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zaga jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya ɗebo iskar, ya tura shi ko'ina a jiki. To idan aka haifi yaro da huda a bangon nan, sai jini ya riƙa zurarewa daga hagu ya koma dama, ya sake komawa huhu. Masu noman rani da ruwan Tiga sun san abin da ke faruwa idan bakin hanyar ruwa ya ɓalle: wani fegi ya cika ya yi taɓo, wani kuma ƙishi ya kama shi. Haka huhun yaron nan yake zama jiƙe da jinin da ya yi masa yawa, zuciya kuma tana aiki ninki biyu. Shi ya sa shan nono ma yake zame masa aikin ƙarfi, har ya yi gumi. Akwai kuma wani nau'in da jinin ba ya isa huhu yadda ya kamata, irin waɗannan yaran su ne za ki ga leɓe da harshe da farce suna yin shuɗi-shuɗi, wanda ya fara tafiya kuma ya riƙa tsugunnawa idan ya gaji.

Kada wata ta ga kamar ita kaɗai ce. A cikin jarirai 1,000 da ake haifa, ana samun kamar 8 zuwa 10 da wata matsala a zuciya, wato kusan ɗaya cikin ɗari. Wata hudar ƙarama ce, tana rufewa da kanta idan yaro yana girma. Wata sai da magani, wata sai an yi aiki. Mafi yawansu kuma ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ko ta taka, tun cikin yana 'yan makonni zuciyar take haɗuwa a haka.

Sai mu zo kan murar. Ƙwayoyin cutar da ke kawo mura suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ta fi kowace kwantar da jarirai a asibiti, likitoci suna kiranta RSV. An fara gano ta a Amurka a shekarar 1956 a jikin wasu birrai masu mura, a 1957 kuma aka same ta a jikin yara marasa lafiya a birnin Baltimo. Kusan kowane yaro a duniya yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu, kuma ba sau ɗaya take kama mutum ba, har mu manya tana kama mu. A jikinki da nawa yawanci ba ta wuce majina da atishawa. A jikin jariri kuwa takan gangara can cikin huhu, inda hanyoyin iska suke sirara, wasu ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Sai su kumbura, majina ta toshe su, iska ta riƙa shiga da ƙyar tana fita da ƙyar.

Kin ga yaro mai lafiyar zuciya yana da ragowar ƙarfi a ajiye, idan ciwo ya zo ya ɗebo ya yi yaƙi da shi. Mai ciwon zuciya kuwa kullum a kan ƙarshen ƙarfinsa yake tafiya. Jakin da aka riga aka yi wa lodi har wuya, ɗan ƙunshin da aka ƙara masa shi ke durƙusar da shi. Amsar tambayarki ke nan, 'yar uwa. Murar ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ba ɗaya ba.

Masana sun yi lissafi cewa a shekarar 2019 kaɗai, wannan ƙwayar ta kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 3 da dubu 600 a asibitocin duniya, ta kuma yi sanadin mutuwar kimanin 100,000. Kusan rabinsu jarirai ne da ba su wuce wata shida ba, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suka auku, wato irin namu. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa a cikin yaran da aka kwantar saboda ciwon haƙarƙari mai tsanani, kusan ɗaya cikin uku wannan ƙwayar ce sanadi. Game da masu ciwon zuciya kuwa, tun a 1982 likitocin birnin Rocesta na Amurka suka ba da rahoton cewa cikin jarirai masu ciwon zuciya da aka kwantar da wannan cuta a asibitinsu, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun rasu. Ban faɗi wannan don in tsorata ku ba. Daga wancan lokacin zuwa yau mace-macen sun ragu ƙwarai a duk inda ake kai yaro da wuri, ake kuma samun iskar oksijin. Cutar tana nan yadda take, saurin kai yaro da kulawar da yake samu su suka canza.

Wani abin lura, mu nan mun saba ɗora tari da mura a kan hunturu da ƙurarsa. Amma a Gambiya an lura cewa wannan ƙwayar da damina ta fi tashi. Saboda haka kada ki ce ai yanzu ba lokacin sanyi ba ne, ki saki jiki.

To yaya za ki gane murar ta wuce hanci ta sauka ƙirji? Ku buɗe kunne da kyau, nan ne gishirin zancen.

Na farko, ki ƙirga numfashinsa. Ki bari sai ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba. Ki ɗage rigarsa, ki sa wata ta riƙe miki agogo ko waya ta duba minti ɗaya cif. Duk sanda cikinsa ya taso ya koma, ɗaya ke nan. Idan ƙirga tana ruɗa ki, ki ɗauki carbi, kowane numfashi ki ja ƙwaya ɗaya, idan minti ya cika ki ƙirga abin da kika ja a tsanake. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ke mai yaro mai ciwon zuciya, ki riƙa ƙirgawa tun yana lafiya, domin wasunsu dama numfashinsu da ɗan sauri. Idan kin san nasa na kullum, ranar da ya haura ba sai an gaya miki ba.

Na biyu, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. Idan yana jan numfashi wajen yana lotsawa ciki, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko kansa yana gyaɗawa tare da numfashin, ko yana wani nishi a ƙarshen kowane numfashi, to yaron nan kokawa yake yi.

Na uku, ki dubi launinsa. Mu baƙaƙen fata ba a gane mu a kumatu, sai ki buɗe bakinsa ki haska, ki dubi harshe da dasashi da cikin leɓe. Idan sun yi duhu ko fari fat, ko shuɗin da ya saba yi ya ƙaru, babu sauran zama.

Na huɗu, ki lura da shan nono da fitsari. Idan ya kasa shan ko rabin abin da ya saba, ko yana amayar da komai, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ko ya yi laushi kina tashinsa ba ya tashi, wannan ma alama ce. Ƙananan jarirai kuma wani lokaci ba sa ma yin tari sosai, sai dai ki ga numfashin ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Ko zazzaɓi babu, kada ki raina wannan.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ki kuma sani cewa wannan cutar ta fi yin tsanani tsakanin kwana na uku da na biyar. Don ya wayi gari garau a rana ta farko, ba a tsallake ba tukuna. Ni shawarata ga mai yaro mai ciwon zuciya, musamman wanda bai kai shekara biyu ba, tun ranar da ya fara tari ki kai shi a duba, kada ki jira alamomin nan su bayyana.

Akwai abubuwan da muke yi da kyakkyawar niyya amma suna ƙara ciwo. Cusa man zafi a hancin jariri, turara shi da hayaƙi a ƙarƙashin zane, ɗura masa jiƙo yana haki har ya sarƙe, kiran wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga a ƙirji, duk a bar su. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Maganin tari na kwalba da ake aike a sayo a kyamis ba na jarirai ba ne, wani ma yana sa barcin da zai ɓoye miki halin da yaro yake ciki. Kafso da sauran magungunan antibayotik ba sa kashe wannan ƙwayar, likita ne zai duba ya ga ko akwai wata cutar da ta hau kai wadda take buƙatarsu. Maganin zuciyarsa kuma, musamman mai sa fitsarin nan, kada ki tsayar kada ki ƙara da kanki. Idan yana amai ko ya ƙi nono, ki gaya wa likita shi zai daidaita.

Yanzu bari in zo inda wasiƙar nan ta fi taɓa ni. Baiwar Allahn nan ta ga alama tun farkon dare, idonta bai yaudare ta ba. Abin da ya tsayar da ita rashin izini ne. Wallahi ba na ganin laifinta, tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kuma abin yabo ce. Amma 'yan uwa, tun ran gini ran zane. Izinin nan a neme shi tun yaro yana lafiya. Ki sami lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki ce, Malam, ka ji abin da likita ya faɗa a kan yaron nan. Ina neman ka yi mini izini tun yanzu, duk ranar da numfashinsa ya canza, kana nan ko ba ka nan, dare ko rana, in kai shi asibiti. Ki roƙe shi ya maimaita a gaban Inna da abokiyar zamanki, ya kuma ambaci wanda zai raka ki, ƙaninsa ne ko yayanki, don kada gobe a ce kin fita da gaban kanki.

Ku kuma iyayenmu maza, na san wasunku suna zaure suna jin mu. Ku tambayi duk malamin da kuka yarda da shi, kai mara lafiya wajen magani lalura ce, addini bai hana ba. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakinku yau, ta tsare muku ɗa ranar da kuke Legas ko Fatakwal. Iyayenmu surukai, ku ne manya, kun raini 'ya'ya da jikoki, mun san kun ga mura iri-iri ta zo ta wuce. Wannan jikan dai nasa daban ne. Idan uwarsa ta ce numfashinsa ya canza, ku zama ku ne masu cewa ɗauko mayafinki mu tafi.

Bayan izini sai shiri. Ki ware ɗan abin da ya samu daga kuɗin ƙuli ko na adashi, ki sa a asusun da ba a taɓawa. Ki ajiye lambar mai babur ko mai mota biyu, in ɗaya bai ɗauka ba ɗaya ya ɗauka. Katin asibiti da takardar hoton zuciya da magungunansa su zauna a jaka ɗaya, inda ko a duhu hannunki zai kai. Idan kun isa Babban Asibitin Rano ko wanda ya fi kusa da ku, kada kunya ta sa ki zauna a ƙarshen layi ki yi shiru. Ki je wajen ma'aikaciya ki ce, yaron nan yana da ciwon zuciya, na ƙirga numfashinsa kaza ne, ga takardunsa. Idan aka ce a wuce Kano, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, to a wuce kai tsaye, kada a ce bari a koma gida a yi shawara.

A can za ki ga an maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa ko a ƙafa, tana auna yawan iskar da ke cikin jininsa. Za a zuƙe majina, a sa masa iskar oksijin, idan ba ya iya tsotso a zura siririyar roba ta hanci a riƙa ba shi nonon da kika tatsa. Na sha jin mata suna cewa wai duk yaron da aka sa wa iska ba ya tashi, har wasu su ƙi yarda. Haba 'yan uwa! Iskar ba ta kisa, jinkirin da aka yi kafin a kawo shi ne yake kisa. Ɗan mai wasiƙar nan kwana tara ya yi da ita, ga shi yau a bayan uwarsa.

Sai rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Ƙwayar nan a hannu take yawo, da atishawa, da sumba, tana kuma iya yin awoyi a kan kwano ko ƙofa ko abin wasa. Yara idan sun dawo daga makaranta su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa ƙaninsu. Mai mura ya yi nesa da shi, in ke ce mai murar ki wanke hannu, ki rufe hanci da baki, ki ci gaba da ba shi nono. Gidan suna da gidan biki, inda jariri yake yawo daga cinya zuwa cinya, a rage kai shi. Idan kina jin nauyin hana gwaggo ko 'yar barka ɗaukarsa, ki ce likita ne ya hana, ba wanda zai ji haushinki. Ki nisanta shi da hayaƙin murhu, da garwashi a ɗaki a rufe, da turaren wuta, da taba, da maganin sauro na kunnawa, gidan sauro ya ishe shi. Nono zalla har wata shida, kaɗan-kaɗan a kai a kai tunda yana saurin gajiya.

Kada kuma a ce yaro ba shi da ƙwari, a hana shi allurar rigakafi. Shi ya fi kowa buƙatarta. Ta haihuwa, da ta sati 6, da 10, da 14, da ta wata 9, da ta wata 15, duk a cika. Ba sa hana RSV, amma suna tare ƙyanda da tarin shiƙa da wani nau'in ciwon haƙarƙari, da mashaƙon da ya addabe mu a Kano a 2023, kowannensu kuwa yana iya kayar da mai raunin zuciya.

Ita ma RSV ɗin an samo mata kariya. A 1998 aka fara amfani da wata allura ta wata-wata a Amurka, a 2003 kuma gwajin da aka yi a kan yara 1,287 masu ciwon zuciya ya nuna ta rage kwanciya asibiti da kashi 45 cikin 100, sai dai tsadarta ta hana ta isa ga talaka. Daga baya aka samo wadda ake yi wa jariri sau ɗaya ta tsare shi watanni, a 2023 kuma aka amince da wadda ake yi wa mai ciki, kariyar ta ratsa ta isa ga ɗan da ke cikinta. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe su ɗauki ɗaya daga cikin biyun, ta ce ta masu cikin a yi ta daga sati na 28, wato wajen wata na bakwai. Wannan ma wani dalili ne na riƙe zuwa awo da muhimmanci, domin a wajen awo irin wannan alheri yake samun mace. Idan kin je ki tambaya.

'Yar uwata ta Rurum, kin ji amsarki. Ki riƙe ranar komawa wajen likitan zuciya ko da kin ga ya warware. Yau da daddare idan ya yi barci, ki ɗauki carbinki ki ƙirga numfashinsa, ki riƙe adadin a ka. Idan maigida ya dawo kuma, ki yi masa maganar izinin nan kafin wata murar ta shigo gida. Wadda ta ji, ta gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.